Ranar Da Na Mayar Da Abokan Ango Garken Ardo

Ba zan taɓa mantawa da ɗaurin auren yayana Nasiru ba, ko da na so in manta, don mutanen Illela sun ɗauki nauyin tuna min kyauta. Shekara huɗu ke nan, amma har yau in na ratsa ta bakin kara, kasuwar shanu, ranar Lahadi sai an samu wani marar aikin yi ya ɗaga murya ya yi min kukan saniya. Da can sunkuyar da kai nake in ƙara sauri. Yanzu tsayawa nake in ɗaga masa hannu in tambaye shi ya iyali. Tunda kowa yana ba da labarin nan yadda ya ga dama, har da masu ƙara masa gishiri, gara ku ji shi daga bakin mai shi.

Gidanmu gidan kasuwanci ne. Baba yana da shago biyu na shadda da atamfa, ɗaya a nan Illela, ɗaya a tsallaken iyaka, a Konni. Duk ɗan da aka haifa a gidan, tun yana rarrafe an san inda zai ƙare: bayan kanta, da almakashi a hannu. Ni ne na fara kawo fitina. Na je Sakkwato na yi difloma, na dawo da kwamfutar cinya da ɗan gemun da bai gama yanke shawarar fitowa ba, na tara mutanen gida na sanar da su cewa ni dizaina ne, mai tsara zane. Baba ya dube ni kamar na ce masa na koyi kiwon kada.

A gaskiya abin ba iskanci ba ne, a makaranta ya kama ni. Wani abokina ne ya fara nuna min shafukan masu fasaha a waya, irin waɗanda ba sa ƙarƙashin kowane kamfani, kansu suke yi wa aiki. Masu ɗaukar hoto, masu ɗan gajeren fim da waya, masu zanen tufafi. Daga wannan shafi in faɗa wancan, har cajin wayata ya ƙare ban sani ba. Na ga wani ya ɗauki hoton tsohuwar tabarma kawai, amma ka kasa ɗauke ido. Na ga wata ta yi fim na minti uku a kan hannun kakarta tana murza zare, na zauna ina hawaye a gaban mai shayi. Ranar na fara sanin cewa kallo ma aiki ne, kuma na ƙudurta a raina shi zan yi. Wannan ban yi nadamarsa ba, kuma ba zan yi ba.

Inda na ɓata shi ne, na sa wa kaina cewa duk abin kirki daga nesa yake zuwa. Duk wanda ya zauna kusa da ni sai na tura masa waya a fuska, ina cewa, "Dubi yadda mutanen waje ke aiki. Mu nan ba mu san komai ba sai buhu da sefa." (Allah Ya yafe min, har limamin unguwarmu na taɓa tsarewa bayan la'asar.)

A cikin shafukan nan akwai ɗaya da ya fi kwanta min a rai. Ba suna, ba fuska, hoton faifai ne kawai a wurin da mutane ke sa fuskarsu. Zane-zane ne masu sauƙi, baƙi ko ruwan ƙasa a kan fari, layi biyu uku amma ka ji kamar suna magana. Duk bayanin da Faransanci ake rubuta shi. To ni Faransancina irin na ɗan iyaka ne: in gaishe da jandarma, in san farashi, shi ke nan. Don haka na yanke wa kaina hukunci cewa mai shafin a Dakar yake, in ma ba a Faransa ba. Na riƙa faɗa wa mutane haka kamar tare muka yi makarantar allo. Har saƙo na sha tura masa da Turancina mai ɗingishi ina tambayar wace ƙasa yake, ba a taɓa amsa min ba, ni kuwa na ce ai manyan mutane haka suke.

Wata takwas ina zaune a gida ina dizaina, ban zana ko katin suna ba. Ranar wata Juma'a Baba ya kira ni zaure, Yaya Nasiru yana wajen. Ya ce, "Wanga zama ya isa. Litinin ka tahi Konni ka kama shago." Na fara kawo dogon Turanci, Yaya Nasiru ya tare ni. Lokacin an sa ranar aurensa da Asma'u, 'yar wani Ardo da ke da ruga a bayan Tozai, wadda suka haɗu tana karatun jinya a Sakkwato. Ya ce, "Baba, a ba shi dama guda. Shi tsara muna kayan abokan ango. In anka yaba, ka bar shi da sana'arshi."

Baba ya ja carbi, sannan ya ce, "Na yarda. In anka yaba, na bar ka da zanenka har abada. In anka yi dariya, ka ɗauki makullin Konni, ba gardama." Na ce na amince, har da dukan ƙirji. Wato rayuwata gaba ɗaya na ɗora a kan kaftani goma sha takwas.

Sai ga ni da farar takarda. Mako biyu ina zane ina yagawa. Duk abin da na zana, in bai yi kama da ƙofar ƙarfe ba, sai ya yi kama da dardumar masallaci. A lokacin na gane cewa kallon aikin mutane da yin naka tafiyarsu ba ɗaya ba ce, amma wa zan faɗa wa? Rana tana matsowa, mai surfani a Sakkwato yana ta kira. Sai na ce bari in leƙa shafin mutumina na Dakar in ɗan sha iska.

Nan na gan shi. Baka kamar jinjirin wata a kwance, da ɗan tsagi a gefen hagu inda layin ya katse ya ci gaba, gajerun layuka biyu a ƙarƙashi, da ƙugiya a gefe. Ruwan ƙasa mai duhu a kan fari. Na ce subhanallahi, wannan shi ne. Na ɗauki hotonsa, na ce wa kaina ai haske kawai zan samu daga gare shi, zan canza shi sosai. Canjin da na yi shi ne na ƙara wa layukan kauri. A ƙarƙashin zanen akwai bayani layi huɗu, kuma akwai wurin da za ka taɓa waya ta fassara maka. Ban taɓa ba. (Na daɗe ina cewa mantawa na yi. Ƙarya ce. Tsoro nake kada in taɓa a ce min kada in ɗauka.)

Sauran shawarwarin kuwa duk nawa ne, ba wanda zan ɗora wa. Ni na zaɓi farar shadda ƙal. Ni na zaɓi zare ruwan ƙasa mai duhu. Kuma ni na ce ba a ƙirji za a yi aikin ba, don kowane ɗan ƙauye a ƙirji yake yi. Na ce a ɗora shi a kwankwason dama, saman aljihun gefe, girman tafin hannu. Mai surfani ya tambaye ni sau biyu ko na tabbata. Na ce masa haka ake yi a waje, ya yi aikinsa ya bar tunani ga masu shi.

Saura kwana biyu biki, kaya suka iso, na shimfiɗa su a tsakar gida ina ɗaukar hoto. Sai ga Kawu Sani, ƙanin mahaifiyarmu, wanda dillalin shanu ne a kara tun kafin a haife ni. Ya tsaya a kan kaftanin, ya karkatar da kai dama, ya karkatar hagu.

Ya ce, "Wanga zane, ina kas samo shi?"

Na ce, "Daga kaina, Kawu."

Ya ce, "Kanka? Kamar na san shi wani wuri."

Na yi 'yar dariyar nan ta masu ilimi, na ce, "Kawu, wagga ba harkar kara ba ta. Fasaha ta."

Ya ce, "Hakanan na." Ya shafa gemu, ya ƙara da cewa da ya yi niyyar tafiya kasuwar wani gari ranar Asabar, amma yanzu ko ana ruwan wuta sai ya je ɗaurin auren nan. Ni kuwa na ji daɗi, na ce har tsofaffi sun fara fahimta.

Ranar Asabar da hantsi muka isa ruga. Bayan kaka ne, gonaki duk an kwashe, an shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin wani babban gawo, dattawa sun cika wurin. A gefe guda ga shanun Ardo, farare tas, ba a riga an sake su kiwo ba saboda hidimar baƙi. Baba da ango da sauran manya suna cikin manyan riguna, don haka Allah Ya tsare su. Mu goma sha takwas kuwa, abokai da ƙanne, kafin mu sauka daga mota na ba da umarni. Na ce kada a shiga a cunkushe kamar masu rububin mota. A jera layi ɗaya, a tafi a hankali, kowa ya ba jama'a gefensa na dama don aikin ya fito. Ni na shige gaba.

Ku zana abin a ranku. Fararen ƙarti goma sha takwas a jere, ɗaya bayan ɗaya, suna tafe a hankali ta gefen garke, kowa ya turo kwankwaso.

Wurin ya yi tsit. Na ga dattawa sun daina hira, idonsu duk a kan kwankwasonmu. Wani tsoho ya ja gefen rawaninsa ya rufe baki. Samarin ruga da ke tsaye sun dogara da sanduna, ɗaya bayan ɗaya suka juya mana baya, kafaɗunsu suna rawa. Aka fara ƙus-ƙus da Fulatanci, wanda ko "zo" ban sani ba a ciki. Na waiga na raɗa wa wanda ke bayana, "Ka gani? Sun ruɗe. Ba su taɓa ganin irinshi ba." Kawu Sani kuwa ya riga ya samu wuri a sahun gaba, ya miƙe ƙafa, yana ɓare goro.

Mutanen nan suna da kunya da kawaici, dole in ba su wannan. Ba wanda ya ce uffan har aka ɗaura aure, aka shafa fatiha, aka raba goro da dabino, aka kawo fura da nono a ƙore. Sai da komai ya lafa, Ardo, dattijo siriri mai magana a hankali, ya dubi Baba ya ce, "Alhaji, wa ya yi ma samarinka wanga aiki?"

Ban bari Baba ya buɗe baki ba. Na miƙe zumbur, na je gaban Ardo na durƙusa, na ce, "Ranka shi daɗe, ni na."

Ya ce, "Madalla. Ina kag gane shi?"

Na ce, "Daga kaina yah hito, ranka shi daɗe. Mako biyu ina tunani."

Na saci kallon Baba. Wallahi gyaɗa kai yake, yana ɗan murmushi, irin murmushin da ban taɓa samu daga gare shi ba tun da na dawo daga makaranta. Na ji kamar in tashi sama.

Ardo ya sake cewa, "Daga kanka. Ba ka gan shi ko'ina ba?"

Yanzu na san ƙofa ya buɗe min in fita da sauran mutuncina. A lokacin na ɗauka mamaki ne ya kama shi. Na ce, "Ko'ina, ranka shi daɗe."

Ya juya ya yi wa babban ɗansa magana da Fulatanci. Mutumin ya tashi ya nufi garke, ya dawo yana janye da wata farar saniya. Ardo ya ce in ɗan miƙe tsaye. Na miƙe. Aka kawo saniyar aka tsayar da ita daidai gefena, aka juya ta ta ba jama'a gefenta na dama, kamar yadda na koya wa abokan ango. Na sunkuya na duba. A kwankwasonta, ruwan ƙasa mai duhu a kan fari, girman tafin hannu: baka a kwance, layuka biyu, ƙugiya a gefe. Na ɗaga ido na dubi garken. Duk wadda ta juyo, shi ne a jikinta. Shaidar gidan Ardo ce, wadda suke sa wa shanunsu da ƙarfe mai zafi don a san nasu ne.

Ni ɗan Illela, garin da shanu ke cika shi kowace Lahadi, shekara ashirin da shida ina kauce musu a hanya, ban taɓa duban kwankwason ko ɗaya ba.

Ardo ya ce, da muryarsa ta hankali, "Alhaji, mu ba mu ƙirga dabba, amma yau na ga garke ya ƙaru. Ɗiya guda munka ba ku, kunka kawo muna wanga duka." Ya dubi abokan ango. "Kuma ga al'adarmu, duk abin da ke ɗauke da wagga shaida, in ya ɓace, nan gida aka maido shi. Ku hwaɗa ma iyayensu su kwantar da hankali."

Dariyar da aka riƙe tun hantsi ta fashe gaba ɗaya. Tsofaffi suna share hawaye da rawani. Kawu Sani ya kwanta a tabarma yana dukan ƙasa. Can ɓangaren mata ma aka ɗauka, don labari ya riga ya kai. Abokan ango kuwa kowa ya shiga neman mafita: wani ya cire hula ya manna a kwankwaso, wani ya zube ƙasa ya zauna a kan gefen dama kamar mai ciwon ƙugu, wani ya ja da baya da baya har ya jingina da mota. Saniyar ce kaɗai ba ta damu ba, tana ta tuƙa a gefena.

Mai hankali a nan zai yi shiru. Ni kuwa sai da na ƙara. Na ɗaga murya na ce, "Ai a harkar fasaha tunani yakan zo ɗaya! Ana samun haka ko a ƙasashen waje!"

Sai na ji muryar mace ta ce, "Baffa, a ba ni izini." Wata mata ce ta fito daga ɓangaren mata ta tsaya daga ɗan nesa, da mayafi ruwan toka, da kyamara rataye a wuya. Dije ce, yayar amarya, wadda na taɓa jin an ce ta yi karatu a Yamai wurin dangin mahaifiyarsu, ban kuma ƙara tambayar komai a kanta ba. Ardo ya gyaɗa mata kai.

Ta ce, "Malam, tunani shina zuwa ɗaya, gaskiya ta. Amma dubi saniyar ga da kyau. Bakan shaidarta akwai tsagi?"

Na duba. Babu. Layin a haɗe yake daga farko har ƙarshe.

Ta ce, "Dubi naka."

Nawa da tsaginsa a gefen hagu, ni da kaina na ce wa mai surfani ya kula da shi, don a nan hikimar take.

Ta ce, "Shaidarmu ba ta da tsagi. Wata tsohuwar saniya ta, gashi ya rufe mata wurin, ita nis sa gaba niz zana. Kuskurena na. Duk duniya wuri biyu kaɗai akwai shi, ga shafina da ga rigarka." Ta ɗaga waya, ga hoton faifan nan da na shekara biyu ina yi wa kallon ƙasar waje. Sannan ta karanta bayanin layi huɗun, tana mayar da shi Hausa a gaban kowa. Shaidar garken mahaifinta ce, kakansa ya zo da ita, ba ta ado ba ce kuma ba ta sayarwa ba, ta ajiye ta a nan ne don kada wata rana ta ɓace. Da ta gama ta dubi hoton mai saƙo a wayar, ta dube ni ta ce, "Kai na mai tambayata wace ƙasa nike, ko? To ga ƙasar."

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi ba ni mamakin kaina. Kunya ta kama ni, amma a ƙarƙashinta wani farin ciki ne ya taso. Mutumin da na ɗauka sai da biza zan gan shi, ga shi tsaye a bayan Tozai, tafiyar babur daga ƙofar gidanmu. Sai na ji bakina yana cewa, "Ke ce? Ke kika yi na ƙwaryar nan mai layi uku? Da na igiyar ɗaure maruƙa?" Ina tsaye kusa da saniya, an kama ni da kayan sata a kwankwaso, ina yabon mai kayan. Aka sake fashewa da dariya. Da na waiga inda Baba yake, wurin ba kowa, ya riga ya shiga mota.

Da la'asar ya kira ni zaure. Makullin shagon Konni yana ajiye a kan buzu a gabansa. Na shiga da shirin kare kaina, na tanadi jawabi a kan cewa duk mai fasaha sai ya yi tuntuɓe. Bai bar ni na fara ba.

Ya ce, "Dariya ba ta dame ni ba. Ni ɗan kasuwa na, an yi min wadda ta hi wagga. Da dariya ta kaɗai, wallahi da na sake ba ka dama." Ya ɗago ya dube ni. "Ardo ya tambaye ka sau biyu. Sau biyu kay yi mai ƙarya gaban surukai, ni ko ina gyaɗa kai ina jin daɗi."

Wannan ta shige ni fiye da saniyar. Jawabina ya watse. Na ce masa gaskiya ne, na yi sata kuma na yi ƙarya, ba ni da abin cewa. Na miƙa hannu na ɗauki makullin, don alkawari na yi a gaban shaida kuma an yi dariya, dariyar da har Konni an ji ta. Amma da na kai bakin ƙofa na juyo na ce, "Baba, na ɗauki makulli. Ban aje alƙalami ba." Ya ce alƙalami nawa ne, in ci shi ma in na so, shago dai ƙarfe takwas ake buɗe shi.

Kafin in kama aiki na hau babur ni kaɗai na koma ruga. Na durƙusa na ba Ardo haƙuri, na ba Dije. Na ce za a warware zaren daga duk rigunan (ashe abokan ango sun riga ni, wasu tun a mota suka fara da haƙori). Ardo ya ce sauran a warware, amma tawa in bar ta, tunda ni dai na riga na shiga garke a gaban shaidu. Dije ba ta yi min sauƙi haka ba. Ta ce ba haushin ɗaukar ta fi ji ba, haushin cewa shekara biyu ina kallon aikinta ban taɓa tambayar ko ɗaya na mene ne ba. Ta ce in da gaske nake, in bar waya in je in zauna wurin masu sassaƙa ƙwarya da masu saƙar faifai da masu dukan fata, in tambayi kowane layi sunansa da mai shi. (Masu jiran in ce daga nan soyayya ta ƙullu, ku yi haƙuri. Tana da mijinta, malamin makaranta ne, kuma shi ma yana cikin waɗanda suka yi min dariya.)

Ranar Litinin na tsallaka iyaka sanye da kaftanin. Da gangan. Na ce in za a yi dariya a yi ta a gabana a gama, ba zan ɓuya a bayan kanta ba. Har yau ina sa shi duk lokacin da na ga dama, kuma da izinin mai shaida nake sa shi, wanda ya fi abin da yawancin masu tsokanata za su iya faɗa a kan hular da ke kansu.

Shekara huɗu ina shagon nan. Na faɗi a yarjejeniya kuma ban nemi a sassauta min ba. Ina yanka shadda, ina naɗe atamfa, in ba ciniki in jawo littafina. Matan da ke zuwa sayen zane daga Kalmalo da Gidan Katta sun san ni da tambaya, har wata tsohuwa ta ce ko aikin gwamnati nake yi a ɓoye. Na gano masu fasahar da ba su da shafi ko waya: mai yi wa sirdin raƙumi ado, matar da ke zana bangon ɗakin amare da yatsa, wani mai ɗaukar hoton fasfo da ya tara fuskokin 'yan kasuwar iyaka a akwati tun yana saurayi. Yanzu ni ma ina da ɗan shafina, da Hausa nake rubuta bayani, kuma kowane zane sai na faɗi wurin wa na gan shi da ko ya yarda. Masu bibiyata ba su kai mutanen da suka yi min dariya a ruga yawa ba, amma nawa ne.

Ana saura mako uku babbar sallar da ta wuce, Baba ya shigo shagon, ya zaɓi wata shadda ruwan sararin sama, ya ajiye ta a gabana ba tare da ya dube ni ba. Ya ce in yi masa aiki a wuya da ƙirji. Na kwana uku a kai, na kawo masa a takarda. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Na wa na?" Na ce rabi nawa ne, rabi daga murfin tukunyar mahaifiyarsa na ɗauko, wanda ke wurin Gwaggo, kuma na je na tambaye ta ta ce in ɗauka. Ya sake duban takardar, ya bi layin da yatsa a hankali, ya ce, "To." Da rigar ya je idi. Bai ce ta yi kyau ba, bai kuma karɓi makullinsa ba, ni ma ban miƙa masa ba.

Don haka masu cewa na ji kunya na tuba na bar zane, ku sake lale, ban bari ba. Abin da na bari shi ne ɗaga kai sama ina neman gwanaye a bayan teku. Na koyi cewa duk abin da ya yi kyau yana da mai shi, kuma a garinmu mai shin ba ya da nisa. Sau da yawa ma surukin gidanku ne, yana zaune a tabarma yana jiran ka gama ƙaryarka.